Tambayi Magini: Daga Ramin Yumɓu Zuwa Matoya

Masu karatu, barkanmu da sake saduwa. Ɗari ya ja jiki, bazara ta kunno kai, kuma kowace shekara idan aka shigo wannan lokaci sai tambayoyin randa da tulu su yi mini rubdugu. Na tsamo kaɗan daga ciki. Wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri, tana nan cikin jaka, ba ta ɓata ba.

Wani matashi daga Tibiri: Baba, na gama lakwal ban samu aiki ba, sai na ce bari in gwada ginin kaskon turare da asusu in riƙa kaiwa kasuwa. Na ɗebo laka a bakin tabki na gina guda 20, sun yi kyau ƙwarai. Wasu sun tsage tun a rana, sauran da na sa a wuta sai ƙara nake ji kamar harbi. Uku kawai suka fita. Wutar ce ta yi yawa, ko hannu aka sa mini?

Ɗana, kwantar da hankalinka, ba wanda ya sa maka hannu. Wutar ma ba ta da laifi. Tun kafin ka ƙyasta ashana kayan nan sun riga sun mutu, wuta asiri kawai ta tona. Kuma uku cikin 20 a gwajin farko ba abin kunya ba ne. Ni ina ɗan shekara 11 na gina asusu 14 don in samu kuɗin salla. Na shanya su a tsakar gida wuni ɗaya, na ga sun yi fari, na ce ai sun bushe. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana zaune yana kallona bai ce uffan ba. Da la'asar na tara kara na cinna. Ko ɗaya bai tsira ba, har wani ɓalli ya yi tsalle ya faɗa kwatarniyar da innata ta jiƙa gero. Da safe ya turo mini turmi ya ce in daka abin da ya rage. Na zaci horo ne. Ashe garin tsingaron nan shi za mu zuba a kwaɓi na gaba.

Mu faro daga ƙasar da ka ɗebo. Ba kowace laka ke ginuwa ba. Baƙar lakar bakin tabki, wadda idan rani ya yi take daddarewa har ƙafar akuya ta shige, danƙonta ya wuce kima. Ta sha ruwa ta kumbura, ta bushe ta tsuke, to yadda take tsagewa a tabkin haka za ta tsage a kaskonka. Ta tudu kuma rairayi ya rinjaye ta, ba ta iya riƙe kanta. Abin da magini ke nema yana tsakanin biyun, kuma a yankinmu fadamar Gulbin Maraɗi ke ba da shi. Gulbin nan da ke tasowa daga ƙasar Katsina, ya biyo ta Jibiya ya shigo mana, shekara da shekaru yana kwantar da lallausar ƙasa a gefensa. Shi ne ya ci tsohon garin Maraɗi a ambaliyar 1945 har aka hau tudu, kuma a gefensa maginan Jiratawa suka yi suna. Idan ka je ɗiba, ture ta sama mai saiwoyi da shara, ka haƙa ƙasa. Amma kada kwaɗayin mai kyau ya sa ka riƙa rarake ƙarƙashin gaɓa kana shiga, rami yana ruftawa da mutum.

Kafin ka cika amalanke, gwada. Jiƙa kaɗan, ka mulmula ta kamar kaurin ƙaramin yatsanka, ka naɗa ta a yatsa. In ta naɗu lafiya, akwai danƙo. In ta gutsuttsure, rairayi ya yi yawa. Gwaji na biyu na 'yan lakwal ne, kai kuwa ka yi lakwal: ka daɓa ɗan curi ya yi faɗi kamar sabulu, ka ja masa layi da ƙusa mai tsawon santimita 10, ka ajiye a inuwa har ya bushe, ka sake aunawa. In ya dawo 9 da rabi ko kusa da haka, madalla. In ya sauka ƙasa da 9, ƙasar nan na tsukewa da yawa, ba za ta ginu ita kaɗai ba.

Nan ne na tabbata ka yi tuntuɓe, don ba ka ambaci mahaɗi ba ko sau ɗaya. Yumɓu zalla kamar nama ne ba ƙashi. Garin tsingaro shi ne ƙashin: ya riga ya sha wuta, ba ya ƙara tsukewa, saboda haka yana riƙe jikin tukunya lokacin bushewa. Wasu magina ƙaiƙayin gero suke zubawa, wasu busasshen kashin jaki da aka daka, kada ka yamutsa fuska, ciyawa ce da jaki ya riga ya niƙa maka kyauta. Waɗannan ƙonewa suke a wuta su bar ƙananan ƙofofi a jikin kaya, tururi ya samu hanyar fita, tulu ya yi sauƙin ɗauka. Ni tiya 3 ta yumɓu nake ba tiya 1 ta garin tsingaro. Wannan awon ƙasar da na saba da ita ne, taka za ta gaya maka nata idan ka yi ta gwadawa.

Sai kwaɓi. A shanya yumɓu ya bushe ƙayau, a farfasa, a tsince tsakuwa, a jiƙa ya kwana ya tsimu. Busasshe ya fi mai danshi saurin shan ruwa, wannan kowa ya gwada ya gani. A shimfiɗa buhu, a barbaɗa mahaɗi, a hau da ƙafa a yi ta takawa da diddige, a naɗe a sake takawa. Bayan ƙafa sai hannu. Idan kana jin ka gama, yanka curin biyu da zare ka duba cikinsa: in ka ga rami, ko gudaji, ko wani wuri ya fi wani duhu, ba ka gama ba. Sannan ka lulluɓe shi da leda ya kwana biyu ko uku, kwanannen kwaɓi ya fi sabo biyayya. Lokacin daka da tankaɗe kuma ka ɗaure hancinka, ƙurar nan in ta shiga huhu ba ta fita.

Shanya ita ce ta kashe na farkon da suka tsage maka. Ɗanyen kaya ba ya son rana, kuma iskar hunturu ta fi rana ɓarna. Baya ya bushe ya tsuke alhali ciki na nan ɗanye, dole wani wuri ya dare. A ɗaki ake fara ajiyewa, ko zaure inda iska ba ta kaɗawa. Baki ya fi gindi saurin bushewa, don haka da zarar bakin ya yi ƙwari sai a kife. Kaurin jiki kuma ya zo ɗaya. Kasko mai gindi kamar dutse da baki kamar takarda ba ya kaiwa kasuwa. Sai a kwanakin ƙarshe ake fitarwa rana. Idan kana son sanin ko ya bushe, ɗora gindinsa a kuncinka. In ka ji sanyi, akwai sauran ruwa, komai farin da ya yi.

Ƙarar harbin da ka ji, wannan sauran ruwan ne. Da zafi ya kai digiri 100 ruwa ke zama tururi, girmansa ya ninka kusan sau 1,700. In bai samu ƙofa ba sai ya yi wa kansa. Shi ya sa ake ɗumama kaya kafin toyi: a kife su kan garwashi marar ƙarfi, ko a ƙona 'yar ciyawa a cikinsu, har su yi zafin da hannu ba ya iya riƙewa.

Toyi da yamma ake yinsa, bayan iska ta kwanta. A matoya a shimfiɗa itace ko busasshen kashin shanu, a jera manya a ƙasa baki a kife, ƙanana a sama, a cusa kara a tsakani, a lulluɓe da manyan fasassun tukwane da ciyawa. Fasassun nan su ke riƙe zafi su kuma kare kaya daga harshen wuta. Akwai wani ruwa da rana ba ta iya fitarwa, wanda yake cikin halittar yumɓun kansa. Shi sai tsakanin digiri 450 da 600 yake fita, kuma daga nan ƙasa ta daina zama ƙasa, ko shekara ta yi cikin ruwa ba ta komawa laka. Irin wutarmu ta fili takan kai tsakanin 600 da 900, ta isa. A digiri 573 kuma ƙwayoyin rairayin da ke jikin kaya kan ɗan kumbura farat ɗaya, su sake tsukewa idan zafi na sauka, don haka mai gaggawar zaro kaya cikin iska yakan ji wani ɗan "ƙas" da ba zai so ba. Kai sabon shiga ne, bar su su kwana cikin toka. Da safe ka ƙwanƙwasa kowane da bayan yatsa. Wanda ya gasu amo yake yi mai zaƙi. Wanda ya amsa da "ɓaf", ko bai gasu ba ko yana da tsaga, kada ka sayar wa kowa. Fasassun 17 ɗin nan, ina fatan ba ka zubar ba.

Wata amarya daga unguwar Zariya, Maraɗi: An kawo mini randa cikin kayan ɗaki. Kullum jikinta a jiƙe, ƙarƙashinta ma da danshi. Maigida ya ce a shafe bayanta da siminti ko a sayo bido. Ba ta gasu ba ne?

'Yata, Allah ya ba da zaman lafiya. Ki ce wa maigida ya ajiye simintinsa ya yi daɓe da shi. Akwai yoyo, akwai naso. Yoyo daga wuri ɗaya yake fitowa, za ki ga layin ruwa yana bin tsaga, wannan randa ta samu matsala. Naso kuwa duk jiki ne ke yin danshi kamar mutum ya yi gumi, kuma aikin da aka gina randa ta yi ke nan. Ruwan da ya tsattsafo ta ƙofofin jikinta yana bin iska, yana tafiya da zafin na ciki. Bisa lissafi, idan kashi 1 cikin 100 na ruwa ya bi iska, zafin da ya ɗauke ya isa ya sauke sauran da kusan digiri 6. Ba duka ake samu ba, tunda zafin ɗaki na sake shiga, amma kin ga inda sanyin ke fitowa. Shi ya sa a watan Maris da Afrilu, lokacin da iska take a bushe, ruwan randa ke kashe ƙishirwa, da damina kuwa sai ki ji shi salam. Siminti ko fenti toshe ƙofofin suke yi, ki tashi da bido mai nauyi wanda kuma yake fashewa.

Sabuwa takan yi naso fiye da kima a kwanakin farko, za ta rage da kanta. Ki cika ta ki zubar sau biyu ko uku ƙanshin ƙasa ya lafa, ko da yake na san mata da yawa wannan ƙanshin suke so. Ki girka ta a kan jiƙaƙƙen rairayi, a inuwa, inda iska ke wucewa, kada ki manna ta a lungu. In kina son ƙanshi, ki wanke saiwar jema ki jefa. Abin da zan ja kunnenki a kai shi ne tsabta: marufi kullum, moɗa ɗaya mai hannu wadda ba a sha da ita, a juye a kofi. A riƙa wanke cikinta duk 'yan kwanaki, ba da sabulu ba, don jikinta yana sha ya riƙa mayar miki cikin ruwa.

Tunda maganar sanyi muke, ga wata dabara ta bazara. Wani malami a jihar Jigawa ta Najeriya, Mohammed Bah Abba, wanda shi ma ɗan gidan magina ne, ya yaɗa ta a ƙauyuka cikin shekarun 1990, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Ƙaramar tukunya ake sawa cikin babba, a cika tsakaninsu da rairayi, a jiƙa shi safe da yamma, a zuba tumatir ko tattasai ko yalo a ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Kayan miyan da ke yaushi cikin kwana biyu sai su ƙara kwanaki, ba ruwanki da ɗaukewar wuta.

Wata ɗaliba daga Tasawa: Ina ganin bidiyo a waya, ana ɗora laka kan wani faifai mai juyawa, nan da nan kofi ya fito. Ina son koyo. Sai na sayi wannan inji? Waɗanne kayan aiki zan fara nema?

'Yata, ni ma ina kallon bidiyon nan, jikokina ke nuna mini, kuma ban ƙi shi ba, yana da daɗin kallo. Amma ki lura da abin da suke ginawa: kofi, kwano, faranti, kaya masu lebur ɗin gindi da za a ɗora kan tebur. Yumɓunsu kuma tatacce ne, sumul kamar man shanu. Namu mai garin tsingaro in kika ɗora shi kan faifai yana gudu, fatar hannunki zai kankare. In kuma kika tace shi ya yi laushin da inji ke so, ba zai jure wutar fili ba, sai kin gina rufaffen murhun gashi. Inji ɗaya yana jawo kashe kuɗi uku.

Kayan aikinmu kusan duk suna tsakar gidanku. Bari in gina miki tulu da baki ki ƙirga su. Za ki samu tsohuwar tukunya mai kyan siffa ki kife ta a ƙasa, ki barbaɗe ta da toka ko busasshen garin yumɓu don kada su manne. Ki daɓa curi ya yi faɗi kamar waina babba, ki ɗora a gindinta, ki riƙa bugawa da mabugi, wani ɗan katako mai faɗi ko lallausan dutse, kina zagayawa kina saukowa har ya rufe rabinta. Ki daidaita gefen da wuƙa. Ki bar shi ya sha iska ya yi ƙwarin fatar da aka jeme. In kika ɗaga da wuri ya lotsa, in kika makara ya tsuke a jikin uwar ya tsage. Sanin wannan lokaci shi ne rabin sana'ar, kuma ba a koyonsa a takarda. Ki ɗaga ki zaunar da shi kan gammo ko cikin kasko mai rairayi. Daga nan sai ki mulmula igiyoyin yumɓu ki riƙa ɗorawa a baki, kina haɗewa da babban yatsa, hannu ɗaya a ciki yana tarewa ɗaya a waje yana ja, har kafaɗa ta rufo, wuya ya tashi. Sakaina ke kankare ciki da waje. Jiƙaƙƙen tsumma ko guntun fata ake naɗawa a leɓe a zagaya, bakin ya fito sumul. Ado kuma totuwar masara ko murzajjen zare ake gangarawa a kafaɗa, kuma ba ado kaɗai ba ne, yana hana jiƙaƙƙen tulu suɓucewa daga hannu. Wasu magina ba su kifa tukunya. Ɗan gurbi suke yi a ƙasa su sa curi, su yi ta bugun cikinsa da wata guntuwar taɓarya ta gasasshen yumɓu suna juyawa har ciki ya buɗe. Duk hanya ce. In kin samu dama ki je Jiratawa, ko Mirriya a ƙasar Damagaram, ko Bubon kusa da Yamai, ki zauna wuni guda ki kalli hannuwa.

Kuma ki san labarin Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20. Masu zuwa kasuwar Jibiya sun sha riƙe ta ba su sani ba. Bagwariya ce, a gida ta koyi gini da hannu tun tana yarinya. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Baturen Ingila Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja. A can ta koyi inji, ta iya shi sarai. Amma abin da ya kai sunanta Ingila da Amurka manyan tulunan nan ne da take ginawa da hannu, da zanen kada da ƙadangare da kifi a jiki. Ta rasu a 1984. Abin da ke ba ni tunani, tulunan da aka shafa wa ruwan gilashi aka gasa da wuta mai tsanani sun yi kyau, sun yi tsada, amma sun yi nauyi kuma sun daina naso. Sun koma kayan kallo, ba mai shan ruwan sanyi a cikinsu.

Wani mai sana'a daga Sabon Gari, Maraɗi: Ina son kayana su riƙa ƙyalli kamar tangaran. Wani ya ce in fasa tsohon batirin mota, in daka abin cikinsa da kwalba in shafa kafin toyi. Gaskiya ne?

Ƙanena, zai yi ƙyalli, kuma zai kashe mutane. Kada ka yi, kada ka bari a yi a gidanka. Abin da ke cikin batiri dalma ce. Ƙyallin tangaran gilashi ne da aka narkar a jikin kaya, kuma yawanci sai zafi ya haura digiri 1,000 yake narkewa. Tangaran na ainihi ma a 1,200 zuwa sama ake gasa shi. Dalma tana sa gilashi ya narke da ƙaramar wuta, shi ya sa masu neman sauƙi ke ruɗuwa da ita. To duk abu mai tsami da aka zuba a irin wannan kwano, nono ne, kunun tsamiya ne, miyar yakuwa ce ko tumatir, yana jawo dalmar ya shigar da ita ciki. Ba ta da ɗanɗano, ba ta da wari, a hankali take taruwa. Yara ta fi ci, tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta ɓata ba ya gyaruwa. Ba mu manta da Zamfara ba a 2010, inda gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Can ma daka ce a tsakar gida, irin wadda aka ba ka shawara. Tozalin dutse ma dalma ce, shi ma kada ya shiga kwaɓinka.

In ƙyalli kake so, akwai na halal. Ka jiƙa jar ƙasa mai laushi, ka tace ta da tsumma ta yi kaurin kunu, ka shafa wa kaya lokacin da suka yi ƙwari amma ba su gama bushewa ba. Da ta kama, sai ka ɗauki lallausan dutsen gulbi ko 'ya'yan kuka da aka shirya a zare, ka yi ta guga. Hannu zai gaji. Amma kaskon turaren da ya sha guga yana fitowa daga wuta yana ɗaukar ido, kuma amare shi suke fara ɗagawa a kasuwa. Randa da tulu dai kada a matsa musu guga a ciki da gindi, tana rage naso.

Wata hajiya daga Madarunfa: Me ya sa wata tukunya ja, wata baƙa? Ƙasar ce daban? Kuma wace ce ta fi kyau da miya?

Hajiya, sau da yawa ƙasa ɗaya ce, numfashin wutar ne ya bambanta. Yumɓunmu yana da ƙarfe a cikinsa. In ya gasu iska na shiga, sai ya yi ja kamar tsatsa. In aka danne shi da ƙaiƙayi ko ganye yana da zafi, hayaƙi ya rasa mafita, sai ya shige jikinsa ya yi baƙi. Baƙin tabon da kike gani a gefen jan tulu wurin da itace ya kwanta ne, ba aibi ba ne. Wasu kuma jiƙon bagaruwa suke yayyafa wa tukunya tana fitowa daga wuta, ta yi duhu ƙofofinta su ragu. Don miya ni baƙar nake zaɓa, tunda a girki ba a son naso. Kafin ki fara amfani da sabuwa, ki tafasa dusa ko ƙasari a ciki da ƙaramar wuta, ki bar ta ta huce da kanta. Kuma kada a zuba ruwan sanyi cikin tukunyar ƙasa da ta ƙone a kan murhu.

Wani magini daga Gidan Rumji: Kayana suna fita lafiya, amma bayan sati biyu ko uku sai wasu su riƙa ɓantarewa kamar ƙuraje, a tsakiyar kowane rami da ɗan farin abu.

Abokin aiki, ramin da kake ɗiba yana da tsakuwar farar ƙasa. Wuta tana gasa ta, daga baya ta sha danshin iska ta kumbura ta ture abin da ke kanta. Tsinci farar tsakuwa ɗaya daga ɗanyen yumɓun, ka matsa mata lemun tsami. In ta yi kumfa, ita ce. Ko ka canza rami, ko ka dama yumɓun ya yi ruwa ka tace shi da rariya mai ƙananan ido. Wanda ya daku ya zama gari ba ya ɓarna, gudajin ne mugu. Tsoma kaya cikin ruwa da zarar sun huce yana rage abin, amma tacewar ta fi.

Wani dattijo daga unguwar Bagalam: Randar da mahaifiyata ta bari ta tsage daga baki zuwa ciki. Tana gyaruwa?

Yaya, Allah ya jiƙan inna. Gasasshiyar ƙasa ba ta sake haɗewa da ɗanya, duk wanda ya ce zai liƙe maka da laka ya mayar wuta kuɗinka yake so. Ka ɗaure wuyanta da waya don tsagar ta tsaya inda take, ka liƙe layin kaɗai da ɗan siminti ta waje. In ta riƙe ruwa, to. In ba ta riƙe ba, ka ɗauke ta daga wurin ruwa ka mayar da ita ɗaki, ka zuba gero ko wake ka rufe bakin da faifai, za ta ƙara shekaru a haka.